Wankin Kuza a Sama

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
An ɗauke wuta tun isha'i, janareto na tari a bayan ɗaki,
sanyin Jos ya biyo ƙarƙashin ƙofa ya kama mini idon sawu.
Ni da Chundung da shayin da ya huce
muna jiran hoto ya sauko a kwamfuta,
layi bayan layi, kamar saƙar tabarma.

Wani madubi ne, can gaba da wata,
ya ƙura wa ɗan gurbin sama ido,
gurbin da ƙwayar gero za ta rufe,
ya yi ta kallo bai ƙifta ba.
Ga abin da ya gani:
baƙi, da yayyafin haske,
kowane ɗigo garken taurari ne guda.

Mu ba masu ƙyalli muke nema ba.
Ja muke so, mai dishi-dishi,
irin garwashin da ya kwana a toka.

Shekara talatin da ɗaya babana na wankin kuza a Bukuru,
ruwa har gwiwa.
Ya juya kwano, ya juya,
yashi ya tafi, tsakuwa ta tafi,
sai ɗan baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindi.
Yakan ce, "Ladidi, marar nauyi ke bin ruwa.
Ki jira wanda ya ƙi tashi."
Har ya rasu bai ga abin da ake ƙerawa da shi ba.
Yau ga 'yarsa da nata kwanon.

Chundung ta nuna da biro: "Wannan fa?"
Muka auna. Na kusa ne, ƙura ce ta yafa masa ja.
Muka zubar.
Na biyu ma haka.
Na bakwai, na'ura ce ta yi mana ƙarya.

Sai na goma sha ɗaya.
Kan allura ya fi shi girma.
A rariyar farko babu shi,
a ta biyu babu shi,
a ta ƙarshe ya leƙo kamar baƙo mai kunya.

Da shuɗi haskensa ya baro gida.
Yana tafe hanya na miƙewa,
yana sauri sama na ƙara faɗi,
har ya iso jajawur
kamar idon wanda ya kwana a mota.
Shekara biliyan goma sha uku da 'yan kai.
Ran da ya kama hanya
babu Dutsen Shere, babu ƙasar da za a kafa shi,
babu rana,
balle Lahadin da aka haife ni.
Kuza ɗin da ya cinye ƙafafun babana
taurari ba su ma ɗora tukunyarsa ba.

An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.
Wannan jifan ya girmi ƙasa,
amma ga shi ya faɗo
a kan tebur mai tabon shayi.

Ban san yadda garken yake ba yanzu.
Wasiƙa ce ta iso;
mai ita ƙila ya tsufa, ya sake kama, ya bar unguwar.
Ƙila gobe wani ya maimaita awo
ya ce mun tsinci tsakuwa.
Chundung ta rubuta lambarsa,
ta sa alamar tambaya,
ta yi hamma.

Na fito waje.
Baba Jatau mai gadi na jin wuta a gwangwani.
Ya ce, "Malama, an dace?"
Na ce, "Ƙila, Baba."
Ya ce, "Mai tsada ne?"
Na yi dariya har sanyi ya shiga haƙorana.

Bisa kanmu ga Kaza da 'Ya'yanta,
maƙwabta, ƙyanƙyasar jiya.
Na miƙa hannuwa ga wutarsa.
Sun yi sanyi ƙalau,
kamar yanzu na tsamo su daga ruwa.